Sittin da Uku, Daidai

Litinin, 5 ga Maris, 1984. Bayan la'asar.

Takarda ta zo. Wani kurtun ɗan sanda ne ya kawo ta a kan keke. Ya tsaya a ƙofar gidana a Sharada yana tambayar maƙwabta ko nan ne gidan Onarabul Shu'aibu, alhali ina zaune a gabansa a kan tabarma. Ban ga laifinsa ba. Babu abin da ya rage a jikina mai kama da Onarabul.

Kwamitin bincike na so in bayyana ranar Alhamis, ƙarfe tara, a Bompai, kuma in zo da littafin. Haka suka rubuta, littafin, kamar shi kaɗai ne a duniya.

Wata biyu da 'yan kwanaki ke nan da sojoji suka rufe majalisa. Manya an kwashe su tun makon farko. Ni na ɗauka ƙanƙantata ta cece ni. Ashe layi ake bi.

Bari in rubuta abin da littafin yake, ko don in ji yadda zai yi a kunnen wani. Shekara ashirin da uku na yi ina aikin gandiroba, har na kai Cif. A 1970 na koma ofishin jin daɗin jama'a, aka ba ni sashen waɗanda aka sallama daga gidan yari. Sashen tebur ɗaya ne da kujera biyu. Mutum zai fito bayan shekara biyar ko bakwai, babu kamfanin da zai ɗauke shi in ya san inda ya fito. Sai na riƙa rubuta wa manajoji a Bompai da Sharada, daga baya har da Challawa: na san wannan mutum, na tsaya masa. Ban taɓa rubuta inda na san shi ba, su ma ba su tambaya ba. Da na shiga majalisa a 1979 na ci gaba, don a lokacin sa hannuna ya ƙara nauyi.

Kowanensu na shigar da shi a littafi: lambarsa ta gidan yari, sunansa, kamfanin da yake, ranar da ya fara aiki. Wasu sun mutu, wasu sun koma ƙauye, huɗu sun koma ciki. Waɗanda ke bakin aiki yau su sittin da uku ne. Babu manaja ɗaya da ya san tarihinsu. Wasunsu ko matansu ba su sani ba.

A gidan yari ba a rufe yini sai an ƙidaya. Har yau ban iya bari rana ta faɗi ban ƙidaya ba.

Sittin da uku, daidai.

Talata, 6 ga Maris. Da hantsi.

Ladidi ta wanke farar rigar nan da nake zuwa majalisa da ita. Na ce ba ita zan sa ba. Ta ce, "To, Malam, sai ka je musu da zane." Shekara talatin da biyar muna tare, ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

Alhamis, 8 ga Maris. Bayan la'asar.

Kwamitin a wani tsohon sito yake zama. Har yanzu bangon na warin gyaɗa. Dogon tebur, mutum uku a bayansa, na tsakiya Manjo ne wanda ban fi shi da komai ba sai shekara talatin.

Ya karanta mini takardar ƙorafin da Turanci, yana tsayawa yana dubana ko na gane. Na gyara masa kalma biyu. Bai kamata ba. Makarantar Midil ɗin da na yi ba ta taɓa amfana mini komai ba sai irin wannan.

Ƙorafin ya ce na tara tsofaffin fursunoni na ɓoye su a kamfanoni, kuma su ne 'yan bangar da na yi amfani da su a zaɓen bara. Ba a nuna mini sa hannun ba. Ba sai an nuna ba.

Manjo ya koma Hausa. Ya ce, "Malam, abin mai sauƙi ne. Ka kawo littafin. Mu aika da sunayen ga kamfanoni, su duba katin aiki. In suna bakin aiki ranakun zaɓe, ka tafi gida ka huta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar da sunayen suka isa teburin manajoji, washegari duk an kore su."

Ya ce, "Wannan ba ya cikin abin da aka ce in bincika."

Na ce littafin ya daɗe, sai na nema. Ya yi murmushi, ya ba ni mako biyu, zuwa ashirin da biyu ga wata. Ya ce in babu littafi, zan zauna tare da su har in tuna inda yake.

A bakin ƙofa na ga Lawan. An aro shi daga gidan yari don ya kula da waɗanda kwamitin ke tsarewa. Sufeto ne yanzu, har da tumbi. Ni na karɓe shi aiki a 1965, lokacin bai san yadda ake riƙe makulli ba. Abu na farko da na koya masa, kamar yadda nake koya wa kowane sabo: in na gaba da kai ya tambaye ka abin da ka gani, ka faɗa, ko da a kan ubanka ne. Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya ɗan ƙame mini. Rabin gaisuwa. Ta fi wadda nake samu a unguwa.

Sittin da uku, daidai.

Juma'a, 9 ga Maris. Bayan sallar Juma'a.

Baffa ya tare ni a bakin masallaci. Shi ne ya jagoranci yaƙin neman zaɓena har sau biyu. Yanzu ya aske gemu, ya daina sa hular jam'iyya, yana ta yabon tsabtar da aka kawo wa gari.

"Onarabul! Ana ta shan hutu?"

Na ce, "Ana sha, Baffa. Kai fa, ya hannu? Na ji ka koma rubutu."

Ya yi dariya da yawa, ya ce sauri yake.

Watan Yulin bara, a zauren nan nawa, ya ce mini, "Ka ba ni ashirin kawai daga cikin mutanen nan naka. Ba sai sun taɓa kowa ba. Su tsaya kawai a bakin rumfar zaɓe, a raɗa wa mutane inda suka fito." Na ce masa in ya sake maganar ya bar mini gida. A ranar ya ga littafin a kan tebur. Abin da ya roƙe ni na hana shi, shi ne yau ya rubuta cewa na yi.

Lahadi, 11 ga Maris. Da hantsi.

Na ɗauko littafin daga ƙasan akwatin Ladidi na karanta shi tun daga farko. Bai ɓata ba ko kwana ɗaya. Na san inda yake fiye da yadda na san inda tabarauna yake.

Shafi na tara: lamba 417, Labaran. Daga wani ƙauye gabas da Ringim. Ya sari wani da fartanya a rikicin iyakar gona, mutumin bai mutu ba, aka ba shi shekara bakwai. Biyar daga ciki a kicin ya yi su.

A zamanin nan an taɓa samun reza a cikin tuwo, sai na kafa doka. Kullum da azahar mai kicin zai kawo mini kwanon gwaji. Zai tsaya taku uku daga teburina, ya cire hula, ya tsugunna, ya kife malmalar tuwon da cokali in ga ƙarƙashinta, ya ɗanɗani tuwo, ya ɗanɗani miya, ya buɗe baki in ga ya haɗiye, sannan ya ce, "Daidai, Cif." Sai ni ma in ɗanɗana. Na yi alfahari da dokar nan. Har wasu gidajen yari suka kwaikwaya. Labaran ya yi mini wannan kullum, shekara biyar.

Yanzu heluma ne a wani kamfanin fata a Challawa, wajen da ake jiƙa fatu a ruwan farar ƙasa. Mutum talatin ne a ƙarƙashinsa. Yana da mata, Safiyatu, da 'ya'ya biyar. In limamin kamfani ba ya nan, shi ke jan sallar azahar.

Shafi ɗaya ke nan.

Talata, 13 ga Maris. Bayan azahar.

Zafi. Iska ta juyo daga wajen kamfanonin fata, duk unguwa na toshe hanci. Ni warin nan bai taɓa damuna ba. Warin mutanen da ke da wurin zuwa da safe ne.

Na kasa barcin rana, ina ta tunanin majalisa. Shekara huɗu da wata uku. Ƙuduri ɗaya tak na kai: a kafa wurin koyon sana'a don waɗanda aka sallama, kuma gwamnatin jiha ta riƙa tsaya musu a wajen neman aiki, don kada abin ya dogara da sa hannun tsoho ɗaya. Na kwana uku ina rubuta jawabin. Da na miƙe, wani daga kujerun baya ya ciro makullan motarsa ya riƙa kaɗawa. Wani ya bi. Kafin in gama shafin farko rabin zauren na kaɗa makullai suna kiran "Onarabul Gandiroba, a buɗe mana!" Aka miƙa ƙudurin ga kwamiti. Ina jin yana can har yau, in ɓeraye sun bar shi.

Mai makullan nan yanzu yana ciki. An ce kuka yake yi saboda sauro. Na yi ƙoƙarin in ji daɗi, ban ji ba.

Da sun saurare ni a ranar, da yau babu wani littafi a akwatin matata.

Sittin da uku, daidai.

Laraba, 14 ga Maris. Da safe.

Babu komai. Jiniyar ƙarfe bakwai ta yi kuka, na tsaya a ƙofa ina kallon masu kekuna suna wucewa zuwa aiki. Na gane uku. Ba su dube ni ba, ban dube su ba. Haka na koya musu.

Lahadi, 18 ga Maris. Bayan la'asar.

Labaran ya zo. Na ji shi kafin in gan shi, don sabulu ba ya fitar da warin fata. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari, hannayensa sun dafe har wuyan hannu. Ya kawo mini buzu.

Bayan gaisuwa ya ce, "Cif, mun ji."

"Kun ji me?"

"Mun ji ana nemanmu a hannunku."

Na ce ba ruwansa. Ya daɗe yana murza bakin tabarma, sannan ya ce, "Ku ba su sunana ni kaɗai. Ni katina ba shi da tabo."

Na ce, "Kai dai wayonka a tukunya ya tsaya, can ɗin ma ba yawa. Waken da ka dafa mana shekara biyar, da kwamitin nan ya ɗanɗana, da kai za su fara kamawa."

Ya ce, "Haba Cif, ai ku ne kuke ɗanɗanawa kullum kuna cewa ya yi."

Na yi dariya har da tari. Rabona da dariya tun bara. Ladidi ta leƙo daga tsakar gida ta ga ko lafiya.

Sannan na ce masa ya saurara. Kada wanda ya zo gidan nan. Kada wanda ya taka Bompai da sunan gaishe ni, ko me ya ji. Ya gaya wa waɗanda ya sani, su gaya wa sauran. Na ce, "Ba roƙo ba ne, umarni ne."

Ya ce, "Daidai, Cif."

Da zai tafi ya tambaya ko har yanzu ciwon sugan na hana ni cin shinkafa. Na ce ya tafi gida.

Talata, 20 ga Maris. Bayan magariba.

Ladidi ta yi shiru kwana goma sha biyu. Yau ta buɗe.

"Malam, shekara nawa na yi ina jin ƙarar makullai a aljihunka? Ka kulle mutane, ka buɗe mutane, yanzu kanka za ka kulle?"

Na ce ba ta gane ba.

"Na gane sarai. Kai ne mai suga, kai ne mai hawan jini, su kuwa ƙarti ne. In an kore su, su nemi wani aikin."

Na ce babu wani aikin. Kamfanonin da kansu rage ma'aikata suke yi. Wanda aka kora da wannan suna, ko dako ba za a ba shi ba.

"To su wa suka zo gaishe ka tun da aka rufe majalisar? Sittin da nawa ka ce? Ni ɗaya na gani."

"Ni na hana su."

"Shekaranjiya ka hana su. Janairu fa? Fabrairu fa?"

Wataƙila suna tsoro. Wataƙila ganina na tuna musu abin da suke so su manta. Ni ne fa mutumin da ya riƙa kulle su ƙarfe biyar na yamma. Ban taɓa tambayar kaina ko suna ƙaunata ba, kuma yanzu ba lokacin farawa ba ne.

Ban yi don a gode mini ba. Ina rubuta wannan, ina kuma sanin cewa da an gode ɗin da na so.

Sittin da uku.

Daidai.

Laraba, 21 ga Maris. Da hantsi.

In littafin na nan, na san kaina. Kwana uku ba magani, zan aiko a ɗauko shi. Na ga ƙarti da suka fi ni taurin kai sun karye a kan abin da bai kai wannan ba. Aikina ne na gani.

Ladidi na dama kunu, na zo na sa shi a murhu. Bangonsa na yadi ne, ya yi hayaƙi mai ɗaci. Shekara goma sha huɗu. Shi kaɗai ne abin da na rubuta a rayuwata da ya taɓa ciyar da wani.

Ta ce, "Ka ɓata mini wuta."

Ta tsaya tana kallo. Da ta ga wata kusurwa ta ƙi ci, sai ta sa itace ta tura ta tsakiya.

Laraba, bayan la'asar.

Na haɗa kaya. Ladidi ta sa mini tasbaha da wando mai tazuge, na fitar. Duk abin da ke da igiya karɓewa ake yi. Bargo ɗaya, butar roba, cokalin itace, silifa. Magani na juye shi a takarda, don ba a barin kwalba. Ta ce, "Kai ka san komai." Na ce ni na rubuta rabin dokokin.

Alhamis, 22 ga Maris. Bayan asuba.

Sittin da uku, daidai. Yanzu a kaina kaɗai suke.

Asabar, 31 ga Maris. Bayan azahar.

Na dawo.

Maƙwabta na ta shigowa barka. Baffa ma ya aiko a ce yana taya ni murna. Ba zan rubuta yau ba.

Lahadi, 1 ga Afrilu.

Ba yau ba.

Litinin, 2 ga Afrilu. Da hantsi.

Inda aka tsare ni wani ɗaki ne a bayan siton, mu biyar a ciki, da taga ɗaya mai sandunan ƙarfe da ke kallon tsakar fili. Ba a dake ni ba, ba a zage ni ba. Kullum da safe Manjo zai aiko a tambaye ni ko na tuna, in ce ban tuna ba. Lawan ne ke ƙidaya mu. Yana yi yana kallon bango.

Abinci iyalai ke kawowa da azahar. Akwai tebur a tsakar fili, da ɗan sanda a zaune. Duk wanda ya kawo kwano sai an ce masa ya ɗanɗana. Mutanen gari ba su san wannan ba. Sukan yi fushi, su ce ai mijina ne, ai ubana ne, guba zan sa masa? Sai su lakata a tsaye suna ƙunƙuni. Ladidi ma sai da ta gaya wa ɗan sandan magana.

Ranar Talata, kwana na shida, ƙafarta ta kumbura ba ta zo ba. Ina tsaye a taga sai na ga wani mai farar riga ya shigo da kwano a ɗaure cikin ƙyalle. Na yi addu'a ya zama wani ne.

Daga baya na ji yadda aka yi. Labaran ya ji cewa Ladidi ba ta da lafiya, ya lissafa cewa mai suga zai wuni bai ci ba. Aikin yamma yake a makon. Ya sa Safiyatu ta yi tuwon dawa da miyar kuka. A ƙofa ya ce shi maƙwabci ne, aka bar shi ya wuce. Duk wannan ya yi shi da wayo. Babu wanda zai dube shi ya ga wani abu ban da magidanci mai rufin asiri.

Sai ya ɗaga kai ya gan ni a bayan sanduna.

Ɗan sandan bai ce masa komai ba tukuna, ko kallonsa bai yi ba. Labaran ya tsaya taku uku daga teburin. Ya cire hula. Ya tsugunna. Ya kwance ƙyallen, ya kife malmalar da cokali, ya ɗanɗani tuwo, ya ɗanɗani miya, ya buɗe baki. Na riƙe sandunan ina cewa a raina tashi, tashi. Ban iya ɗaga murya ba, don in na kira shi na gama da shi. Ya juyo wajen tagata ya ce, ba da ƙarfi ba, "Daidai, Cif."

Shekara goma sha biyar rabonsa da yi. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Manjo na tsaye a ƙarƙashin darbejiya yana shan sigari. Ya ga komai. Ya ce, "Sufeto, wannan wace irin gaisuwa ce?"

Lawan na kallon takalminsa. Na tabbata ya gane Labaran tun daga ƙofa, ya yi kamar bai gani ba. Na ƙidaya shirunsa, ya kai goma sha ɗaya. Sannan ya ƙame.

"Ta gidan yari ce, Yallaɓai. Ta masu kicin."

"Ka san shi?"

"Ɗari huɗu da sha bakwai, Yallaɓai."

Labaran na tsugune, cokalin na hannunsa. Sai a lokacin ya dubi hannun nasa, kamar na wani ne.

Aka tambaye shi inda yake aiki, ya faɗa. Aka rubuta wa kamfanin. Ranar Juma'a amsa ta zo: duk ranakun zaɓe yana bakin aiki, kuma shekara shida bai taɓa fashi ba. Manjo ya kira ni ya ce ɗaya ya ishe shi rahoto, ƙorafin ba shi da tushe. Ya ce, "Ka gani, Malam? Da ka kawo tun farko da ba ka wahalar da kanka ba." Har hannu ya ba ni.

Ni na koya wa ɗaya tsugunnon. Ni na koya wa ɗayan amsar. Dukansu sun ci jarrabawa.

Laraba, 4 ga Afrilu. Bayan la'asar.

An sallami Labaran daga aiki ranar Litinin. An ce manajan ya ce ba don aikinsa ba, aikinsa ba shi da na biyu, amma ba za a bar mai irin wannan tarihi yana shugabantar mutane masu riƙe da wuƙaƙen fiɗa ba. Na sa farar rigar na tafi Challawa. Mai gadi ya ce manaja na taro. Na zauna a kan benci har jiniyar ƙarfe biyu ta yi kuka. Bara a wannan ƙofar har mota ake buɗe mini.

Alhamis, 5 ga Afrilu. Da safe.

Lawan ya aiko da goro, babu saƙo. Ladidi ta ce a mayar masa. Ban mayar ba. Ban kuma ci ba.

Lahadi, 8 ga Afrilu. Bayan azahar.

Labaran ya zo sallama. Gobe motar kaya za ta kwashe su zuwa ƙauye. Ƙauyen da wanda ya sara ke zaune har yau, da tabonsa.

Na shirya abin da zan ce masa tun ranar Laraba. Da ya zauna sai duk ya tafi. Na ce, "Na hana ka zuwa."

Ya ce, "Kun hana, Cif."

Na tambayi Safiyatu, yadda ta ɗauki labarin. Ya ce ta ce ta daɗe da sani. Wai mutumin da ke juya wa ɗaki baya in zai ci abinci, ya kuma cinye kafin a kawo ruwa, ba sai an gaya mata inda ya koyo ba. Shekara goma sha biyu tana jira ya faɗa da bakinsa.

Ya rage murya. "Sauran fa?"

Na ce suna nan. Babu wanda aka taɓa.

"To alhamdu lillahi. Ƙidayar ba ta lalace sosai ba."

Na raka shi bakin ƙofa. Warin fatar ya fara barin jikinsa, mako ɗaya kawai. Ya sa takalmi, ya kama kekensa, sai ya juyo.

"Af, Cif, Safiyatu ta ce in tambaya. Tuwon ranar nan, kun ci kuwa? Ta rage gishiri saboda hawan jininku, tana ta tsoron ko ya yi lami."

Na ce na ci.

"Ya yi?"

Na ce, "Ya yi."

Ya yi dariya, ya ce zai gaya mata. Na tsaya har ya sha kwana wajen masu faci.

Ban ci ba. Ɗan sandan ya miƙo mini shi ta taga, na ajiye a gefen bargo. Yana nan a kife yadda ya kife shi, da gurbin cokali ɗaya a gefe, har aka zo ƙidayar yamma.

Sittin da biyu.